Farin Ƙyallen Maraɗi

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsallaka Maraɗi sayen nafkin ba. Mutane kan ba da labarin wautar da suka tafka a ƙuruciya suna dariya. Ni ma nakan gwada, amma dariyar takan maƙale mini a rabin hanya, domin tawa wautar ta haɗa da gawa biyu: ɗaya ta gaske, ɗaya kuma wadda na ƙaga da bakina.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Jibiya. Shekarun nan ne da kuɗin man fetur ya fara malala. An yi mana ƙarin albashi, kowane ƙaramin ma'aikaci ya fara jin kansa. Wannan ya sayi rediyo mai kaset, wancan ya sayi babur, ni kuma na ɗinka wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa wanda yake share mini hanya in ina tafiya. A daidai wannan lokaci fari ya cinye arewa da mu. Kullum sai ka ga mutanen Nijar suna gangarowa ta kan iyaka da ramammun jakuna da tukwane, wasu ko jakin ma babu. Mun saba da ganinsu har mun daina gani.

Matata Rabi 'yar Daddara ce, kuma tana ɗauke da cikinta na fari. Cikin ya tsufa, har an fara maganar zuwa ɗaukarta ta koma gida haihuwa. Ana cikin haka na kai ziyara Katsina wajen wani abokina da muka yi makarantar horon malamai tare. A tsakar gidansa na ga igiyar shanya cike da fararen ƙyallaye masu kusurwa huɗu, duk girmansu ɗaya, iska na kaɗa su. Ya miƙo mini jaririnsa, na ɗauka ina ɗari-ɗari saboda farar rigar da ke jikina. Ya ce in saki jiki, yaron yana sanye da nafkin da wandon roba. Na riƙe yaro har muka gama hira, rigata a bushe. Daga nan abin ya shiga raina.

Da na dawo na kawo wa Rabi maganar a fakaice. Ta ce ai Inna, wato mahaifiyarta, ta riga ta aiko cewa ta tara tsofaffin zannuwa, ta wanke ta yayyaga, sun yi laushi.

Na ce, "Tsumma? A gidan malamin da ke koya wa yara tsabta?"

Ta ce, "Malam, kai da me aka goye ka?"

Na tashi na fita. (Na san amsar, shi ya sa.)

Yaran yanzu ba za su gane inda matsalar take ba, don haka bari in tsaya in yi bayani. A zamaninmu namiji ba ya maganar cikin matarsa. Gari duk yana gani, amma shi sai ya yi kamar bai san da zancen ba. Balle cikin fari, wanda ko an haifa ba ka ɗaukarsa a gaban manya, ba ka kiran sunansa. Sayen kayan jariri tun kafin ya zo duniya kuwa, tsofaffi suna ganin rashin kunya ne, kuma shisshigi ne ga abin da Allah bai riga ya ba ka ba. Ni ina son nafkin, ina kuma son a ci gaba da cewa ina da kunya. A Jibiya babu mai sayarwa. A Katsina akwai, amma kantunan cike suke da 'yan garinmu da iyayen ɗalibaina. Sai na yi dabarar da nake ganin babu kamarta: in tsallaka ƙasar waje, inda babu wanda ya san fuskata.

Ranar wata Asabar na yi sammako na hau mota, na gaya wa Rabi zan je duba wani aboki. A Maraɗi na yi ta zagaye ina leƙa kantuna, na kasa buɗe baki in faɗi abin da nake nema. Daga ƙarshe na faɗa wani butik na wata mata 'yar Dahome, mai jiki, mai jin Hausa sama-sama. Na ce wani abokina ne ya aiko ni. Ta dube ni daga hula har wandon nan nawa, ta ce, "To, abokinka wane irin kush yake so?" Ashe haka suke kiransa a can.

Ta baje mini iri uku a kan teburi. Na farko na takarda ne da auduga, wanda matan Turawa ke saye, a ɗaura sau ɗaya a jefar. Na juya shi, na ji raina ya biya saboda sabon abu ne. Amma na tuna ke nan duk mako sai na sake tsallako iyaka. Kuma ina za a jefar? A bolar bayan gidanmu awaki suke kwana, kuma babu tsohuwar da za ta yarda a riƙa watsar da ƙazantar jariri inda kowa zai iya tsinta. Na biyu mai kauri ne kamar tawul, Madam ta ce ya fi riƙe fitsari. Na auna shi a hannu, na tuna rijiyar unguwarmu da sai an ƙara wa guga igiya, da yadda mata ke layi tun asuba. Wannan zai sha ruwa wajen wanki fiye da mai gidan. Na uku farin yadi ne mai laushi, marar kauri, an yanka an kalmashe bakinsa. Ta ce ruwa kaɗan yake so, a tafasa, a shanya, kafin ka juya ya bushe, kuma in an kula da shi har ƙanen yaro zai gada. Ta ninka guda ɗaya ta nuna mini a jikin 'yar tsana yadda ake ɗaurawa, da yadda ake sa yatsa a ƙasa kada fil ya soki yaro.

Na zaɓi na ukun. Har gobe ina ganin a nan kaɗai na yi hankali a wannan rana. Na sayi dozin biyu da manyan fil da wandunan roba. Na sa ta cire takardar da ke da hoton jariri, ta cusa wandunan da fil ɗin a tsakiya, ta naɗe duka da takardar siminti ta ɗaure da igiya. Da zan fita ta ce, "Ka gaida abokinka." Ta yi dariya har da riƙe ciki.

A dawowa babbar mota na samu, mai ɗauke da buhuna da mutane a kansu. Muka wuce shingen jandarmomin Nijar ba matsala. Da muka iso shingen kwastan na ɓangarenmu, rana ta take. Wurin ba wani abu ba ne: sanda a kan ganguna biyu, rumfar kwano, masu sayar da fura da rake, sai kuma mutanen da fari ya koro, zazzaune a ƙarƙashin itatuwan aduwa suna jiran abin da su ma ba su sani ba. Aka ce kowa ya sauko da kayansa ya bi layi.

Ina cikin layi na ji an dafa kafaɗata. Ina juyawa sai ga Baffa Sani.

Baffa Sani ƙanen mahaifin Rabi ne, kuma shi ne ya ba ni aurenta. Fataucin ƙirgi yake yi, kuma a shekarun nan ƙirgi ya yi araha saboda yadda shanu ke mutuwa, don haka ya daɗe yana yawon kasuwannin Nijar bai leƙa gida ba. Ni da na bar ƙasata don kada ɗan ajina ya gan ni, ga ni gaban surukina da ƙunshi a hammata. Na zube ƙasa na gaishe shi. Ya ce in tashi. Ban gama miƙewa ba layi ya zo kaina.

Ma'aikacin kwastan ɗin dattijo ne, daga jin Hausarsa ɗan wajen Bauchi ne. Ya karɓi ƙunshin ya yaga gefen takardar, farin yadi ya leƙo. A lokacin suna sa ido sosai a kan masu shigo da yadi.

Ya ce, "Malam, wannan fa? Na sayarwa ne?"

Na ce a'a.

"To, na mene ne?"

Baffa yana tsaye dab da ni, har ina jin warin ƙirgi a rigarsa. Bayansa fasinjoji sun miƙo wuya. Na nemi kalma ɗaya da za ta sa a rufe takardar nan a miƙo mini ba tare da wata tambaya ba. Da na ce rawani, da na tsira. Da na ce yadin makaranta ne, ko na tace koko, da na tsira. Amma abin da bakina ya ga dama ya fitar shi ne:

"Likkafani ne."

Ma'aikacin ya janye hannunsa daga ƙunshin. Baffa ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa aka rasa?"

Na sunkuyar da kai. Ina ta laluben wani tsoho a danginmu da zan iya kashewa ba tare da an gane ba, amma Baffa ya san danginmu kaf. Shiru ya yi tsawo. Shi kuma ya fassara shirun da irin fassarar da kowane dattijo zai yi: ga miji ya kasa kiran sunan matarsa a gaban surukinsa.

Muryarsa ta canza. Ya ce, "Ba dai yarinyar nan ba? Haihuwar ta zo da gardama?"

Kafin in ɗaga kai, ma'aikacin ya ce, "Allah ya jiƙanta." Mutanen layi suka ɗauka, "Allah shi jiƙanta, Allah shi ba da haƙuri." Ni kuma, ɗan Musulmi da aka koya wa amsa addu'a tun yana yaro, na ji bakina ya ce, "Amin."

Wannan amin ɗin ita ta gama da ni.

(Kada ka tambaye ni me zai kai mutum Maraɗi sayen likkafani alhali kasuwar Jibiya cike take da alawayyo. Babu wanda ya tsaya wannan lissafi. Daga baya Baffa ya ce ya ɗauka ina can ne saƙo ya same ni. A shekarun nan in ka ce an mutu, ba a neman hujja.)

Baffa ya dafe gangar shingen, ya cire hularsa ya mayar. Wannan mutum da ban taɓa ganin ko murmushinsa ba, sai ga hawaye a gemunsa. Ya ce, "Ni na ba ka ita, ni zan kai ma Yaya labari. Kada shi ji a bakin wani." Wata mota fijo da aka gama bincikawa tana shirin tashi, ya bar ƙirginsa a hannun abokin tafiyarsa ya faɗa ciki. Na buɗe baki in kira shi. Na rantse na buɗe. Amma kiran yana nufin in faɗi gaskiya da ƙarfi a gaban mutum sama da talatin da suka gama yi mini ta'aziyya. Na ce a raina ai zai fara biyawa ta gidana, ya ga Rabi da idonsa, magana ta mutu. Ban lura ba motar Katsina ce, wadda ba ta shiga cikin Jibiya. Daga mararraba za ta miƙe, kuma Daddara a bakin hanyarta take.

Ina tsaye ina kallon ƙurar motar sai na ji an ja hannun rigata. Wani mutum ne dogo, ramamme, da rawani da ya koɗe. Ba zai wuce sa'ana ba, amma yunwa ta mai da shi tsoho. Ya yi mini ta'aziyya tukuna, cikin ladabi. Sannan ya ce:

"Malam, na ji ka ce likkafani ka ɗauko. Don Allah in da saura ka taimake ni da ɗan ƙyalle. Ɗiyata ta cika tun da hantsi. Ba babba ba ce."

Ya nuna gindin wata aduwa. Matarsa na zaune a can, ta rungume wani abu a cikin zanen da ke jikinta, domin ba ta da wani zanen. Ba ta kuka. Ya ce daga can arewa da Dakoro suka taso, shanunsu sun ƙare a hanya, nonon uwar ya ƙafe.

Na zaga bayan mota na kwance igiyar. Na zaro guda uku na miƙa masa. Ya buɗe ɗaya ya duba, ya ce, "Har an yanka." Bai tambayi dalili ba. Wata mai fura ta kawo ruwa a buta, ita da uwar suka yi wa yarinyar wanka a bayan zana. Da aka miƙa wa uwar ƙyallen, ta shafa shi da bayan hannunta ta ce, "Yana da laushi." Iyakar maganar da na ji daga bakinta ke nan. Biyu suka isa, suka maido mini da ɗaya, na ce su riƙe.

Direbanmu ya ciro shebur da diga, aka haƙa kabari a gefen wata gona da ba a shuka komai a cikinta ba. Muka yi sahu, direbobi da fasinjoji da ma'aikacin kwastan, aka yi mata salla. Ina cikin sahun da wandona mai share ƙasa, mutane suna matsa mini hannu suna cewa Allah ya ba ni lada, ga ni cikin nawa rashin amma na tuna da wani. Ban taɓa jin na raina kaina kamar lokacin ba.

Da aka watse, ma'aikacin ya ja ni gefe. Ashe yana kusa lokacin da na kwance ƙunshin, ya ga wandunan roba. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, matata tana amfani da irin wannan. Ban san abin da ya kai ka ba, ba kuma zan tambaya ba. Amma tsohon nan ya tafi da wuta a hannunsa. Ka bi shi." Ya tsayar da wata ƙaramar mota da kansa ya sa ni a ciki.

A mararraba ya kamata in miƙe Daddara. Sai na sauka na nufi gida, wai in fara tabbatarwa ko Baffa ya biya. Gaskiyar magana tsoro ne. Na tarar da Rabi zaune a inuwa ta miƙe ƙafafu tana tsintar wake a faifai. Ta yi mini sannu da zuwa, ta kawo ruwa. Na tambaya ko an yi baƙo, ta ce babu. Ta dubi ƙunshin ta ce, "Tsaraba ce?" Na ce e, na tura shi ƙarƙashin gado. Na zauna ina shirya yadda zan fara. Na ce bari in sha ruwa tukuna. Na ce bari in yi la'asar tukuna. Ina sallamewa na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, na kuma ji kukan mata.

Inna ce ta fara shigowa, ba takalmi, ɗankwali a hannu, mata biyu suna riƙe da ita. Tana kiran sunan Rabi da wata irin murya da ta riga ta dushe. Rabi ta ga uwarta a haka, abu ɗaya ya zo mata: mahaifinta ya rasu. Ta saki faifan ta yunƙura da cikin nan tana ihu, "Baba! Wayyo Baba!" Inna ta ɗaga kai ta ga wadda ta zo wankewa tana tahowa gare ta da ƙafafunta. Ta yi baya ta zube a kan turmi. Matan da ke riƙe da ita suka watse, ɗaya ta fita da gudu tana salati. Aka yi ta yayyafa wa Inna ruwa, Rabi na durƙushe a kanta tana kuka tana tambayar wa ya mutu, babu mai iya ba ta amsa. Ni kuma ina tsaye a kan buzun salla da carbi a hannu.

Kafin a jima unguwa ta cika. Maƙwabta sun ji kuka sun fito, liman ya iso, wani mai azama har ya aika a fara haƙa. Aka kira ni zaure. Mahaifin Rabi na zaune a tsakiya, Baffa a gefensa, liman da dattawan unguwa a kewaye, matasa sun toshe ƙofa. Surukina mutum ne mai sanyin magana, manomi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ranar ma bai ɗaga ba.

Ya ce, "Sani ya ce ka ɗauko likkafani. Ɗauko shi mu gani."

Na shiga na jawo ƙunshin na ajiye a gabansu. Liman ya kwance. Ya ɗaga ƙyalle ɗaya, ya ɗaga na biyu, duk 'yan murabba'i. Fil suka zubo a kan tabarma. Ya ciro wandon roba ya riƙe shi da yatsu biyu, ya juya shi sama da ƙasa.

Ya ce, "Malam, wannan fa hula ce ko mi?"

Na ce, "Nafkin ne."

"Mi ne ne nafkin?"

Babu sauran wurin ɓuya. Abin da na ƙi faɗa a gaban mutum ɗaya cikin raɗa, sai ga ni ina faɗarsa a gaban surukai biyu da liman da rabin unguwa, har da iyayen ɗalibaina. Na ce, "Ƙunzugun jariri ne. Na kashi da fitsari. Na saya ne saboda abin da za a haifa. Da aka tambaye ni a gaban Baffa, sai na ji kunya."

Na jira a yi dariya. Wallahi na roƙi Allah a raina a yi dariya, a mai da ni mahaukaci, a wuce wurin. Babu wanda ya yi. Daga cikin gida ana jin nishin Inna. Baffa ya kau da kai yana kallon bango.

Surukina ya daɗe yana duban ƙyallayen. Sannan ya ce, "Ka ji kunyar ka ce za a haifa maka. Ba ka ji kunyar ka ce ɗiyata ta mutu ba."

Ya tashi ya sa takalminsa. Ya ce tunda mota tana nan, a fito da yarinya, da ma lokacin tafiyarta ya yi. Ba a nemi izinina ba, ni ma ban ga fuskar da zan ba da shi ba. Da Rabi za ta fita ta tsaya kusa da ni, idanunta sun kumbura. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Malam, da ka bar ni da tsummana." Inna, wadda aka tallafo za a sa a mota, ta ce a ɗauko ƙunshin nan ma, kada ya kwana a ɗakin 'yarta.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Magana ta zagaya daga Jibiya har Bugaje cewa malamin makaranta ya yi wa matarsa mugun fata tana da tsohon ciki. Mata in sun gan ni sai su ja mayafi su sauya hanya. Na san abin da kowa ke jira ya gani. A zamanin nan haihuwar fari tana ɗaukar mata da yawa, kuma asibiti na da nisa. In wani abu ya sami Rabi, ni ne mutumin da ya amsa amin a kan mutuwarta tana raye. Ina cikin aji ina rubutu a allo, da na ji keke ya tsaya a waje sai alli ya faɗi daga hannuna.

Haihuwar ta zo da wuya kuwa. An ce ta kwana ta wuni tana naƙuda, har an fara neman motar da za ta kai ta Katsina. Allah ya sauke ta lafiya, aka sami mace, 'yar ƙarama amma mai ƙarfin kuka. Baffa Sani ne ya zo da kansa ya gaya mini. Ya tsaya a ƙofar makaranta ya ce, "An sauka, duk suna lafiya. Wannan karon na gani da idona kafin in taho." Ya juya ya tafi, bai karɓi ko ruwa ba.

Da tsumman zannuwan Inna aka raini 'yata. Rabi ta ce ko mutuwa za ta yi ba za ta ɗaura wa jaririyarta abin da aka kira da wannan suna ba, kuma ban yi gardama ba. Inna ta jima tana jinyar ƙugunta inda ta bugu da turmi. Har ta bar duniya, in na gaishe ta, "lafiya" kawai take cewa.

Sai bayan Rabi ta dawo na samu ƙarfin halin tambayar inda nafkin ɗina suka shiga. Ta ce Inna ta aika wa limamin Daddara da su, ta ce tunda mai su ya riga ya raɗa musu suna, a yi abin da ya ce da su. A wannan bazarar ƙyanda ta shigo ƙauyukan, ta sami yara da yunwa ta riga ta karya. Rabi ta ce kafin ruwan farko ya sauka, babu ko ɗaya da ya rage.

Abin da na koya bai da yawa, kuma na saye shi da tsada. In kunya ta shaƙe ni a gaban manya yanzu, nakan faɗi abin yadda yake, in bar su su yi mini kallon marar kunya na ɗan lokaci, domin na gwada ɗaya hanyar na ga inda take kaiwa. Kuma tun daga ranar, in aka yi addu'a a kusa da ni, sai na tsaya na ji a kan wa ake yi kafin in ce amin.